Sai Na Cika Sittin

Litinin, 3 ga Maris
Asibiti sun ba ni rabona na ribar bara. Alhamdulillahi, aikin ido bai ci amanata ba. Akanta ya ce in zuba a asusun fansho: haraji ya ragu, kuɗin su ƙaru sannu a hankali, amma ba taɓawa sai na cika sittin. Na ce zan duba. Ba dubawar da zan yi.

Alhamis, 6 ga Maris
Autanmu ya zo da tasa: kamfanin abokinsa mai sayar da batirin sola, wai riba ninki biyu. "Yaya, kuɗi ba sa haihuwa a kwance." Na ce in kamfanin ya durƙushe fa? Ya sosa ƙeya, ya ce to, an yi asara ke nan. Ko banza bai yi mini ƙarya ba. Raina ya biya.

Asabar, 8 ga Maris
Maigida yana gyaran famfon kicin, ko ɗagowa bai yi ba: "Ke da ba kya taɓa ido sai kin auna kin sake aunawa, yaushe kika koma caca? Ba riba kike bi ba, sittin ɗin kike tsoro."
Na bar masa kicin ɗin. Amma Baba ne ya faɗo mini a rai. Ya yi ta tara fansho, kullum cewa yake in ya huta zai yi kiwon zuma. Saura kaɗan ya karɓa ya rasu. Tun daga nan ba na shiri da "sai gaba".

Talata, 11 ga Maris
Sai da na miƙa takardun Auta can nesa kafin na iya karantawa. Ni, likitar ido! Maigida ya yi dariya har da tari.

Laraba, 12 ga Maris
Na cire wa wata tsohuwa bandeji, ta haura tamanin. Ta ƙare mini kallo ta ce, "Ashe ma yarinya ce!" Sai kuma ta tambaye ni yaushe za ta koma kan keken ɗinkinta, kayan jikoki na jira. Na wuni cikin farin ciki.

Juma'a, 14 ga Maris
Kaso mafi tsoka ya tafi fansho. Auta na ba shi abin da ko ya nutse ba zai hana ni barci ba. Ya yi ƙunƙuni, ya karɓa. Don haraji na yi, kada Maigida ya ɗauka shi ya ci.
Na karɓo tabarau. A hanya na tsaya wajen kafinta na tambayi kuɗin amya, akwatin kiwon zuma. Tambaya kawai na yi.