Kifinka ba zai daskare ba, Yaya Bitrus

Zuwa ga Yaya Bitrus,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, da kuma kifayen, tunda yanzu sun shiga sahun waɗanda ake tambayar lafiyarsu. Ƙanwarka ce Rifkatu, daga Samaru. Na rubuto a nan shafinka inda kowa zai gani ne don na lura a nan kaɗai kake amsawa da wuri.

Na kalli bidiyonka na makon jiya har ƙarshe. Ga ka cikin rigar sanyi har gwiwa, a bayan gidanka a Kanada, ka durƙusa a bakin ɗan tafkin da ka haƙa, kana koyar da jama'a yadda ake hana shi daskarewa. Wai a sa hita, na'urar ɗumama ruwa mai yawo a samansa, ta bar 'yar kafa a cikin ƙanƙara don kifi ya samu iska. Wai kada a doki ƙanƙarar da guduma, ƙarar tana firgita su. Kai ɗin nan da ka sha fasa kan tarwaɗa da taɓarya a tsakar gidanmu kana dariya. Kifayen ma wasu jajaye ne masu ɗigo-ɗigo, ba a ci, ba a sayarwa, har suna ka raɗa musu. Wannan ban ga laifinka ba, wanda ya ƙoshi dole ya nemi abin yi.

Saƙon da ya biyo baya ne ban yafe ba. Bana ma ba za ka zo Kirsimeti ba, wai idan wuta ta ɗauke kana nan tafkin zai daskare, kuma ba ka da wanda za ka bar wa amana. Bara aiki ne ya riƙe ka, bara waccan takardu. Kifi na ganinka, mai jar koma. Da cewa ka yi ba ka son zuwa, da na fi ganin girmanka.

Tunda ka zama malamin kifi, bari in tuna maka kwamin kifin gidanmu, wanda Baba ya gina da hannunsa bayan ya yi ritaya. Tun rasuwarsa Mama ke riƙe da shi. In sanyi ya shigo, tamfol take ja ta rufe rabin kwamin. Ta rage abinci, don tarwaɗa ba ta ci sosai cikin sanyi, abin da ta bari kuwa ruɓewa yake yi ya ɓata ruwa. Da sassafe a jawo ruwan rijiya mai ɗumi a ƙara. Baba kan ce, "Kifi ba ya kuka, sai ka leƙa shi." Kai ma ka sha jin wannan maganar, amma albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Shekarar da ka fara cewa kana tafe, matan Sabon Gari masu banda sun zo kwasar kifi, Mama ta ware manya guda uku ta ce na farfesun Bitrus ne. Ba ka zo ba. Suna nan har yau, sun yi ƙato-ƙato, baƙi ƙirin, ko wace sabuwar zuba aka yi sai sun cinye rabin 'ya'yan. Na ce a yanka, ta ƙi. Na ce a sayar, ta kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Bana ko zubawa ba ta yi ba, ta bar musu kwamin gaba ɗaya.

Da na karanta mata saƙonka, na ɗauka ranta zai ɓaci. Wallahi so nake ya ɓaci. Sai ga ta tana tausayin kifinka. Ta ce yaron nan bai san sai an rufe ba ne, ta tasa ni gaba sai na je kasuwar Sabon Gari na sayo maka tamfol mai kauri. Na je, Yaya. Na shiga mota daga Samaru, na tsaya gaban mai shago yana tambayata girman kwamin, na rasa bakin da zan ce masa Kanada za a kai. Yana nan a ninke a gefen gadonta, tana jiran a samu mai tafiya.

Ranar zumuntar mata a coci kuma ta miƙe ta roƙi a sa kifin ɗanta cikin addu'a. Wasu suka sunkuyar da kai suna danne dariya, wata tsohuwa kuwa ta yi addu'ar tsakani da Allah. Ina zaune a baya, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba kunyar Mama na ji ba.

Ka san idonta ya tafi, da kunne take gane ko kifin sun ci. Ka san ta faɗi da guga a hannu watan jiya. Ka san likita ya ce zuciya ce, ya ce in akwai 'ya'ya a nesa a sanar da su. Na faɗa maka a waya, ka ce za mu gani. Me ya rage da ba ka gani ba?

Ina jin haushinka ne don na san wanda nake magana da shi. Kai ne ka goyo ni tun daga Bomo har gida ranar da kwalba ta yanke ni a ƙafa, kana haki kana ce mini saura kaɗan. Kai ne kake tsame mini tsokar da ba ƙaya in an yi farfesu. Wannan yayan nake nema, ina kewarsa, kuma ban yarda sanyin can ya kashe shi ba.

Akwai laifina da zan faɗa. Duk saƙon da ka turo, nakan ƙara masa gishiri kafin ya isa kunnenta. Ni ke cewa ka ce kana kewarta. Ni ke cewa ka tambayi ƙafarta. Na gaji da zama bakinka, na daina. Jiya ta tambaye ni ko ka ce wani abu, na ce ba ka ce ba. Sai ta ce wataƙila sabis ɗin waya ne, in sake dubawa anjima.

Allah ya tsare ka, ya tsare iyalinka. Allah ya ja kwanan Mama, ya kawo ka tana iya gane muryarka. In kuwa ba za ka zo ba, Allah ya ba ka ƙarfin kiranta ka faɗa mata da bakinka.

Ƙanwarka,
Rifkatu