Ba Mai Shiga Gareji Sai Na Dawo

Baba,

Na ɗauki motarka, da takardunta, da filaya, da layar kiyaye hanya. Na tafi wurin duba lafiyar motoci. Kana barci, ban tashe ka ba.

Ɗazu na leƙa ƙarƙashinta. Duk wayoyin ka ɗaure su da igiyar da Mama ke rataye 'ya'yan kanya su bushe. Layar kuma ka rataye ta a wayar fitilar birki, har wayar tana gogar ƙarfe. Jiya da na ce mai dubawa zai ja kowace waya da hannu, ka ce, "Shekara shida a Jamus, ko ƙulli ba su koya miki ba?" Ƙullinka yana da kyau, Baba. Ba sa karɓarsa ne kawai.

Na yanke igiyar, na kafe wayoyin da maƙalai na roba. Layar tana jikin madubi, ban buɗe ta ba.

Mama ta ce in motar da ka ƙera ta sake faɗuwa a dubawar yau, garejin ya zama na tulunanta na tsimi. Har ta wanke su.

Kada ka biyo ni da keke. Na kulle garejin, makullin yana aljihuna. Ba mai shiga, kai ko tulu, sai na dawo da lambar motar.

Chizuru