Filin Bayan Shagon Baba Kafinta

Anti, don Allah ki taimaka mini da shawara kafin murna ta sa in tafka wauta. Wannan ce takarda ta uku da na fara.

Shekara tara ke nan ina aikin karɓar baƙi a wani asibitin haƙori. Daga safe har yamma, daga ni sai waya sai mutane dafe da kumatu. Amma ni shuka ce a raina. Barandarmu taku huɗu ce, na cika ta da gwangwanayen madara da tsofaffin bokitai, har maigidana yake cewa sai ya nemi izinin tumatir kafin ya shanya rigarsa. Maƙwabta suna sayen dashe a wurina, wata ma mota take shigowa musamman.

Ran Asabar na kai wa Baba kafinta kujerarmu da ta karye. Aminin marigayi babanmu ne, a shagonsa na koyi tafiya, ina dafa ƙafafun tebura. Yana cikin duba kujerar sai ya ce in leƙa baya. Anti, fili! Fili mai katanga, rana na samunsa tun hantsi, ba komai a ciki sai guntayen katako da wata tsohuwar taya. Ya ce ya ba ni hayarsa shekara biyar a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, in yi lambun sayar da dashe, in na yi ƙarfi ya sayar mini da shi. Na fashe da kuka, na yi ta godiya har na gode wa wani da ya zo karɓar taga. Sai da na isa gida na ga babu jakata.

Tun ranar ban dawo daidai ba. Na zuba wa maigida gishiri a shayi. Wani ya bugo waya yana nishin ciwon haƙori, na ce masa barka da arziki. Na auna filin da igiyar shanya, na yi magana da masu haƙa rijiya, takardar ajiye aiki ma na rubuta, miƙawa kawai ya rage.

Sai Yaya, babbarmu, ta kashe mini gwiwa. Ta tambaye ni ina takarda. Na ce wace takarda, Baba ne fa, kaina ya dafa ya ce ya ba ni. Ta ce doka ba ta san dafa kai ba. Ta tuna mini 'ya'yansa shida, kuma babbansu tun bara yake maganar gina shaguna a wurin.

Anti, da wane ido zan kai wa mutumin da ya sassaƙa mini gadon jarirai takarda in ce ya sa hannu? Ai kamar na ce ban yarda da shi ba. Kuma da gaske ne maganar baki ba ta da ƙarfi? Ni kullum ciniki nake yi ba takarda. Ina so in yi fushi da Yaya, amma da na tuna filin sai dariya ta kama ni.

Taki,
Mai Lambun Baranda

*

Ƙanwata Mai Lambun Baranda,

Barka da arziki, ke kam gaisuwar ta dace da ke. Yi murnarki, amma mayar da takardar ajiye aikin cikin durowa tukuna.

Kina da gaskiya ta wani gefen. Yawancin cinikin yau da kullum da baki ake ƙulla shi, kuma doka ta san da shi. Sai dai a ƙasashe da yawa akwai abubuwan da aka ware aka ce sai a rubuce: sayar da fili ko gida, hayar da za ta ɗauki shekaru, da tsaya wa wani lamuni. Yawan shekarun ya bambanta daga wuri zuwa wuri, wani wurin ma sai an yi rajista, don haka ki ga lauya ya faɗa miki na inda kike. Maganarku da Baba ta haɗa biyu daga ciki, doguwar haya da alkawarin sayarwa.

Ban yi shakkar Baba ba. Amma mutum yana mantuwa, yana ciwo, kuma ba wanda ya san gobe. In ba ya nan, da 'ya'yansa za ki yi magana, su kuwa ba su ji abin da ya ce ba. Dashe ana ɗauka a tafi da shi, rijiya fa? Yayarki ta yi miki abin da 'yar'uwa take yi.

Ki je wurinsa ke da maigidanki. Ki fara da godiya, sannan ki ce kina so a rubuta don kada wata rana 'ya'yansa da naki su samu saɓani saboda alherin da ya yi. Kafinta ne, ya san amfanin awo kafin yanka. Ki roƙi a kira babban ɗan ya zama shaida. Gara ki ji ƙorafinsa yanzu da ki ji bayan kin kafa rumfa. A rubuta iyakar filin, shekarun, kuɗin haya, makomar abin da kika gina, da yadda za a tsayar da farashi in an zo saye. Lauyan kuma ya duba takardun mallakar.

In Baba ya ƙi, kada ki riƙe shi a rai, kada kuma ki bar aikinki. Ki shuka a tukwane, ki jinkirta haƙa da gini.

Ina kyautata zaton zai yarda. Allah ya sa albarka a lambun, ya bar zumunci tsakaninku.

Antinki