Laifin Lamington a Kan Darduma

Ballarat,
Watan Yuli.

Zuwa ga ƙanwata Glenys,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Errol, ya sassauta masa ciwon gwiwa, ya bar muku ɗumin garinku Darwin da kuke yi mana gori da shi. Mu nan sanyi ya kama gari. Ni ina nan daram, in ban da tsufa da ya tare a ƙuguna ba tare da neman izini ba. 'Yata Bronwyn da yaranta suna lafiya. Takan leƙo ni ranar Lahadi, ta buɗe firij, ta yi tsaki, ta tafi.

Babban al'amari ne ya sa na ɗauki alƙalami. Mai girma Lamington, kyanwar matata marigayiya Noreen, wadda ta tsufa a gidan nan ba a taɓa kama ta da abin kunya ba, ta yi watsi da akwatin yashin da take biyan buƙatarta a ciki, ta mayar da dardumar falo wurin fitsari. Kin san dokar rukunin gidajen tsofaffin nan: kyanwa ba ta taka waje, don kada ta kashe tsuntsaye. Manajanmu ya shigo, ya ɗaga hanci kamar alƙalin da ya riga ya yanke hukunci, ya ce da ni, dattijo, yana ganin girmana, amma hancinsa bai san girman kowa ba. In ya dawo dubawa a ƙarshen wata ya tarar da wannan wari, za a kai ta gidan dabbobin da ba su da kowa. Ke ma kin san ba a zuwa can neman tsohuwar kyanwa mai haƙori uku.

Na tashi haiƙan. Na ɗauke akwatin daga gefen injin wanki, ko rurinsa ne ke firgita ta. Na ƙaro na biyu, na sauya yashi mai laushi, ina kwashewa safe da yamma kamar bawan fada. Ta dube su, ta dube ni, ta wuce falo. Sai na kai ta wurin likitar dabbobi, Dakta Farrugia, wadda ta tabbatar mafitsararta lafiya ƙalau, har na ce da ma tawa ta kai haka. Daga nan ta tambaye ni ko a wuri ɗaya take yi, kuma me ke wurin a da.

Glenys, kujerar Noreen ce a wurin. Bayan jana'iza, Bronwyn ta yi abin da kowa ke yi: ta tattara kujerar da kayan uwarta ta kai shagon gwanjo na coci, tana cewa, Baba, in aka bar maka su, kallonsu za ka yi ta yi har ka bi ta. Ban ga laifinta ba. Amma likita ta ce kyanwa da hanci take sanin gidanta. An wayi gari ƙamshin wadda ta raine ta ya ɓace, shi ne take zuba nata a gurbin, don kada wurin ya zama na baƙi. Ta ce in sami tufar Noreen da ba a wanke ba, in shimfiɗa mata a nan.

Na saka kwat ɗina na je shagon. Na sami rigar sanyin Noreen shuɗiya a rataye tsakanin na mutanen da ban sani ba. Matar da ke tsaron wurin ta ce, cikin alfahari, kada in damu, ba abin da suke ratayewa sai sun wanke shi tas. Na kawo rigar gida duk da haka. Lamington ta shinshina sau ɗaya ta juya baya. Ni ma na shinshina. Sabulu ne kawai.

To, ga roƙona. Lokacin da muka zo muku Kirsimeti, Noreen ta manta gyalen wuyanta a ɗakin baƙi, kika ce kin jefa shi cikin aljihun tebur sai mun dawo. Na san ki da tsabta, amma ina fata wannan karon kasala ta rinjaye ki. In yana nan yadda ta bar shi, kada ki wanke, kada ki kakkaɓe, kada ki shanya. Ki ƙulle shi a leda ki aiko kafin ƙarshen wata. In ma Lamington ta ƙi shi, akwai wani tsoho a gidan da ba zai ƙi ba.

Ki gaishe da Errol, da 'yarki Tamsin da mijinta, da ƙaramin ɗansu Angus.

Yayanki mai jiran ɗan wasiƙa a bakin taga,
Rupert