Sawun Yatsunka a Rigar Inna

Zuwa ga mahaifina, Baba Magini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da mahaifi, da fatan Allah ya kai haske makwancinka. Na san ba a kai wasiƙa inda kake, amma labarin nan ya ƙi zama a cikina.

Baba, an shafe zaurenmu da siminti. Kada ka ga laifin Yaya Sani, daminar bana ta cinye gindin bangon, saura kaɗan ya faɗo wa yara.

Ka tuna yadda kake gama yaɓe? Tun ƙasa na ɗanya sai ka ja yatsu a kai a lanƙwashe, baka bisa baka, har sama. Daga Jibiya zuwa Bugaje, kowa ya ga bango ya san hannunka. In muka taɓa sai ka ce, "Ku bari ya sha iska, 'yan ɓarna."

Tun da idon Inna ya tafi, da wannan zanen take gane hanya. Kullum sai ta shafa shi in za ta wuce, ko ba inda za ta. Ranar da aka yi simintin ta kai hannu ta ji sumul. Tun daga nan ta daina fitowa zaure. Abinci ma sai da lallashi.

Ni ban gaji cuɗa ƙasa ba, saƙa na iya. Na ba direban Maraɗi saƙon ulu mai ruwan ƙasa, na zauna na saƙa mata rigar sanyi mai maɓalli a gaba, na tayar da zanenka tudu-tudu, layi huɗu a kowane baka. Har ina yabon kaina.

Da na ɗora mata a cinya, ta bi zanen da yatsa, ta ture. "Wanga ba hannun babanku ba ne. Nashi ukku ne."

Wallahi sai da na yi kuka. Na manta da yatsan da azara ta datse maka tun kana saurayi. Na girma a gindin bangon nan ban taɓa lura da yawan layin ba. Na warware rigar kaf, na sake.

Jiya na kai mata. Ta daɗe tana shafawa, sannan ta juya ta bai-bai ta saka. Na ce, Inna, ai zanen waje yake kallo. Ta ce mutanen gari sun gama kallon rabonsu, saura nata. Da daddare ta cinye tuwonta tas.

Na gode, Baba. Ka bar mana abin da hannu zai iya riƙewa. Allah ya gafarta maka, ya gina maka gida a Aljanna wanda damina ba ta ci. Amin.

Taka, mai ɓata maka ɗanyen yaɓe,
Hadiza