Baba, An Zaunar da Mu Shida a Tebur Ɗaya

Zuwa ga mahaifina, Malam Isuhu mai lambu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa a durƙushe kamar yadda ka koya mana, Inna da ƙannena duk suna lafiya. Shekara uku ke nan da rasuwarka, amma har yanzu in wani abu ya same ni, kai nake fara son gaya wa. Yau albishir na kawo.

Ka san tun da na gama difloma nake yawo da takardu. Watan jiya wani kamfani mai sayar da injinan ban-ruwa masu aiki da hasken rana ya buɗe ofis a nan Daura, yana neman masu zagaya manoma. Ranar intabiyu na ari takalmin ƙawata Zainabu mai tsini don in yi kama da ma'aikaciya. Tun a hanya ya fara cin ƙafata.

Mun fi hamsin. Aka yi jarrabawa a rubuce, aka tankaɗe, muka rage sha takwas. Sai aka raba mu shida-shida, aka ajiye wa kowane tebur inji a warwatse cikin kwali. Minti ashirin, mu haɗa shi, sannan mu yi wa manomi bayaninsa. Masu tantancewa uku suka koma gefe, suna kallonmu suna rubutu.

Da ka ga teburinmu, Baba, da ka yi dariya har hularka ta faɗi. Wani mai kwat daga Kano ya naɗa kansa shugaba, yana zuba Turanci yana neman cusa tiyo inda waya ke shiga. Kowa so yake a ji muryarsa. Ni kuwa na yi tsuru, na zare takalmin a ƙarƙashin tebur.

Sai na tuna abin da kake faɗa in mun cika ka da surutu a lambu: “Mai kallo ne ke ganin inda ruwa ya karya.” Na duba. Can ƙarshen tebur ga Emeka, ɗan Oga Sunday mai kayan gyaran babur a bakin tasha, yana jera notoci bisa girmansu. Sau biyu ya buɗe baki aka danne shi. Na daure na ce, “Don Allah mu ba Emeka wuri, cikin ƙarafa ya tashi.” Ina karanta takardar bayanin da ke cikin kwalin, yana ɗaurawa, sauran na miƙo kaya. Saura minti biyu muka gama.

Ɗaya daga masu tantancewar, wata Hajiya mai tabarau, ta zo ta zauna ta ce mu ɗauka ita manomiya ce daga Baure, ba ta taɓa shiga aji ba. Mai kwat ya miƙe ya fara. Ta bari ya dire, ta ce, “Sannu ɗan nan. Wa'azi ne ko talla?” Zauren ya fashe da dariya. Ta juyo kaina. Na miƙe, na manta ba takalmi a ƙafata. Haka na tsaya na yi mata bayani kamar da Gwaggo nake: inda za ta kafa faifan da ke zuƙar haske ya kalli rana, yadda za ta goge shi, abin da za ta yi in ruwa ya ja baya a rijiya. Ta tambaye ni ina na san lambu. Na ce cikin albasar mahaifina na girma.

Jiya da hantsi aka kira. An ɗauke ni, an ɗauki Emeka. Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka shigo suna tambayar wa za a aurar. Mai kwat ma ya turo saƙon taya murna. Ashe mutumin kirki ne, tsoro ne ya sa shi surutu kamar yadda ya sa ni shiru.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Injin nan ba ya shan mai, ba ya neman ƙarfin kowa. Na tuna kafaɗarka da Inna ke gasawa da ruwan zafi in ka wuni kana jan guga. Da kana nan, Babana, da a lambunka zan kafa na farko, in shimfiɗa maka tabarma gindin mangwaro, ka zauna ka kalli ruwa yana tafiya da kansa.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya shayar da kai daga ƙoramun Aljanna. Ni kuma ya ba ni ikon riƙe amana.

'Yarka,
Hadiza