Rasuwar Dokta Bartholomew Kumai da Gilasan da Aka Wanke

Cikin alhini da sanyin jiki, Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Kafanchan da Kewaye, a madadin Shugabanta da iyayen ƙungiya da ɗaukacin mambobinta, ta karɓi labarin rasuwar ɗan'uwanmu, malaminmu kuma Mataimakin Shugabanmu, masanin ilimin taurari Dokta Bartholomew Kumai, wanda Ubangiji ya kira gida ranar Talata, uku ga Oktoba, bayan zazzaɓi na 'yan kwanaki, aka kuma kai shi makwancinsa a garinsu Manchok. Muna miƙa ta'aziyya ga uwargidansa, Malama Irene Kumai, da 'ya'yansu, da yayarsa Mama Afiniki wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, da masu martaba sarakuna, hakimai da dagatai, da iyayenmu fastoci da dattawan ikilisiya, da duk wanda wannan rashi ya taɓa. Mun san saƙon nan ya makara. Wani abu ne ya biyo bayan jana'izar da ya ɗaure mana baki, sai yanzu muka ga shirun ya fara cutar da wata baiwar Allah.

Marigayi ya fara aikin koyarwa a nan Kafanchan kafin karatu ya kai shi ƙasar waje, inda ya zauna tare da masu manyan maduban hangen nesa. Abin da ya sa a gaba shi ne gungun taurarin nan masu nisan gaske, waɗanda suke a shimfiɗe kuma a murɗe kamar saƙar faifai. A tsakanin taurarin akwai ƙura da iskar gas, ƙurar kuma tana tare haske, shi ya sa ake ganin wasu layuka a jikin faifan. Abokan aikinsa suna auna gas ɗin da na'urar da ke kama siginar rediyo daga sama, shi kuwa nasa shi ne ya auna yawan hasken da ƙurar ta cinye, a wuri ɗaya bayan ɗaya, don a haɗa awon biyu a san yadda ƙura da gas suke tafiya tare daga tsakiyar faifan har gefensa. Ya sha gaya wa ɗalibansa cewa daga cikin wannan ƙura da gas ne sababbin taurari ke fitowa.

Da ya dawo gida a shekarar 1974, mutane suna tsammanin zai zo da mota, sai ga shi ya sauko daga jirgin ƙasa rungume da akwatin katako kamar mai ɗauke da jariri. Gilasai ne a ciki, kowanne bai wuce faɗin littafi ba, kuma a jikinsu aka ɗauki hotunan taurarin. Irin hoton nan ne da haske ke fitowa baƙi, saboda haka wanda bai sani ba zai ɗauka hayaƙin fitila ne ya ɓata gilashin. Kullum da safe, kafin a buga ƙararrawar makaranta, yakan tsaya bakin taga ya ɗaga gilashi ɗaya wajen hasken rana, ya ƙura masa ido da ƙaramin madubi mai ƙara girman abu, sannan ya rubuta awonsa da tawada a bayan gilashin, gefen wurin da ya auna. Mukan tsokane shi cewa ba mu taɓa ganin mai ilimin taurari da ke kwanciya tare da kaji ba. Sai ya yi dariya ya ce nasa taurarin da safe suke fitowa. Kwanaki kaɗan kafin ya kwanta ciwo, ya shaida wa kwamitinmu cewa aikin ya kusa kammala, saura ya kwafe awon ya aika wa abokan aikinsa na ƙasar waje.

Ya zama dole mu faɗi abin da ya faru da bakinmu, domin an riga an kai shi kasuwa, kowa yana ƙara masa gishiri. Bisa al'adar gidansu, wadda yawancinmu muka tashi a cikinta, bayan an binne mutum matan dangi ne ke shiga ɗakinsa su fitar da kayansa kaf, su wanke, su shanya a rana, kafin a sake buɗe ɗakin ga masu rai. Ba a barin kayan mamaci da datti, domin yin haka kamar an ce ba shi da kowa ne. Mama Afiniki ce babba, ita ta ja gaba. Malama Irene tana zaune cikin masu makoki, inda al'ada ta ajiye ta, ba ta da izinin taɓa komai. Da aka zo kan akwatin, Mama Afiniki ta hana kowa sa hannu, saboda ƙanenta ya taɓa yi mata kashedi cewa abin ciki yana fashewa. Ita kaɗai ta ɗora ruwan zafi, ta jiƙa gilasan, ta bi su da soso da sabulu ɗaya bayan ɗaya har baƙin ya saɓule, tawadar ta bi ruwa. Ta jera su a kan zana suna ƙyalli. Ko ɗaya bai fashe ba.

Ba za mu yi wa jama'a ƙarya mu ce ba a yi asara ba. An yi, kuma ta yi mana ciwo ƙwarai. Taurarin suna nan inda Mahalicci ya ajiye su, wata rana wani zai sake ɗaukar hotonsu, amma awon shekara huɗu na idon Dokta ya tafi tare da ruwan da aka zubar a gindin mangwaro. Sai dai ƙungiya ta ji, da ɓacin rai, cewa wasu suna nuna wannan uwa da baki a hanyar rafi, wasu suna kiran abin da ta yi aikin jahilci, har akwai masu cewa da gangan ta yi. Tun ranar da aka bayyana mata abin da ta wanke, ta daina cin abincin kirki, ta daina zuwa sujada, ta kuma ce ba za ta halarci addu'ar tunawa da shi ba, wai ba ta da fuskar da za ta zauna a gaban hotonsa. Da wakilanmu suka je gaishe ta, abin da ta iya faɗa ke nan: "Ni na wanke shi tun yana jariri. Yaya zan bar kayanshi da datti? Bai gaya mini shi ne a ciki ba."

Wannan ƙungiya tana sanar da kowa cewa ba ta ɗora wa Mama Afiniki laifi ba, kuma Malama Irene ta ba mu izini mu faɗa a fili cewa ita ma ba ta ɗora mata ba. Hannun da ya wanke gilasan nan shi ne hannun da ya riƙe marigayi ya kai shi aji ɗaya, ya dafa masa acca duk tsawon karatunsa. Duk mai jin yana da ilimin da zai zage ta, ya fara tambayar kansa wa ya wanke masa rigar makarantarsa ta farko.

Akwai kuma abin da muka yi ta jayayya a kwamiti ko a rubuta ko a bari. Mama Afiniki ta mayar da gilasan cikin akwatin, ta kai ɗakinta. Maƙwabta sun ce kullum da safe takan tsaya bakin taga, daidai lokacin da shi yake tsayawa, ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya wajen haske, har yaran da ke wucewa makaranta sun fara canza hanya, domin daga nesa tsayuwar tasa ce sak. Ta ce a jikin guda ɗaya faifan bai tafi ba. Ni da nake sa hannu a wannan takarda na je na gani. Na karɓa, na ɗaga, na ga gilashi fari tas, sai da na ɗan karkata shi na ga kamar wata inuwa a murɗe, na sake karkatawa ta ɓace. A matsayina na malamin kimiyya na san gilashi kan riƙe ɗan tabon hoton da ya daɗe a jikinsa. Duk da sanin haka, har yau in na kalli tagar ajina da safe sai in kawar da kai.

Muna roƙon Allah Uba, mai ta'azantar da masu makoki, ya ba Malama Irene da 'ya'yanta ƙarfin zuciya, ya zama uban marayu, ya ba bawansa Bartholomew hutu har ranar tashin matattu cikin Yesu Almasihu, ya kuma sauke wa yayarsa kayan da ta ɗora wa kanta.

Za a yi addu'ar tunawa da marigayi ranar Lahadi mai zuwa bayan sujadar safe, a gidansu da ke Manchok. An ajiye wa Mama Afiniki kujerar gaba, ta uwa, kuma ƙungiya ta yanke shawarar ba za a fara ba sai ta zauna, ko da rana za ta faɗi muna jira. Mama, muna roƙonki ki fito, ki zo da gilashin nan guda. Jama'a kuma, duk wanda ta miƙa wa, ya karɓa da hannu biyu, ya ɗaga wajen haske kamar yadda mai shi yake yi. Kada kowa ya ce mata babu komai a ciki. Mu ma mun duba, kuma ba mu iya faɗin haka ba.

Sa hannu:
Malam Gilbert Zamani
Sakataren Watsa Labarai
Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Kafanchan da Kewaye
16 ga Oktoba, 1978